Labarin Ruwa a Ƙasar Daura

Ƙasar Daura tana gefen arewa na Jihar Katsina, ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar. Ƙananan hukumomi biyar ke cikinta, watau Daura da Zango da Ɓaure da Mai'aduwa da Sandamu. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai jigawa da rairayi, ba ta da wani dogon dutse, ba ta kuma da kogin da ke gudu rani da damina. Daminarta gajeriya ce. Galibi ruwa yakan zauna cikin watan Yuni, ya yi ƙarfi cikin Agusta, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba. Abin da akan samu a shekara ta daidai shi ne inci 20 zuwa 28, watau milimita 500 zuwa 700. Sauran watanni takwas kuwa, in an ɗaga kai sama, ba abin da za a gani sai hazo ko rana.

Saboda haka, tun zamanin kakanni tambayoyi biyu ke damun mutumin Daura kowace shekara. Ta fari ta manomi ce: yaushe ruwa zai sauka, kuma zai kai amfanin gona ga nuna? Ta biyu ta uwargida ce da makiyayi: ruwan da ke cikin rijiya zai kai mutane da dabbobi har faɗuwar damina? Ta farin tambaya ce a kan abin da bai zo ba, amsarta sai kintace. Ta biyun kuwa tambaya ce a kan abin da ke ajiye, ana iya auna shi. Duk lokacin da mutane suka dogara ga kintace suka saki ajiya, sun sha wuya.

Tarihin garin ma da rijiya ya soma. Masu tarihi suka ce, a zamanin sarauniya Daurama rijiya ɗaya ce a garin, sunanta Kusugu, cikinta akwai wani maciji da ake kira Sarki, ba ya barin kowa ya ɗebi ruwa sai ran Juma'a. Ana nan sai wani baƙo mai suna Bayajidda, wanda aka ce ya fito daga Bagadaza ya biyo ta Barno, ya iso da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa ana ce da ita Ayana. Ya roƙi ruwan da zai sha ya shayar da dokinsa, ta gaya masa halin da garin ke ciki. Sai ya karɓi guga ya tafi bakin rijiya, ya kashe macijin, ya datse kansa. Da gari ya waye Daurama ta nemi wanda ya yi wannan aiki, daga baya ta aure shi, suka haifi Bawo. 'Ya'yan Bawo shida suka sarauci Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano, in an haɗa da Biram ta Garun Gabas sun cika Hausa Bakwai. Lissafin da aka yi wa sarakunan Kano ya sa farkon sarautar Bagauda ɗan Bawo a shekarar 999.

Masana sun yi saɓani a kan abin da ke tarihi da abin da ke ƙari cikin wannan labari. Amma duk wanda ya taɓa zama ƙauyen da rijiya ke ja da baya da bazara zai gane abu guda a ciki. Rijiyar da ruwanta ya yi ƙasa tilas a ƙyale ta ta taru, tilas kuma a sami mai iko da zai faɗi ranar ɗiba da ranar hani. Mutanen da suka riƙe wannan labari shekara da shekaru sun ɗauka cewa wanda ya buɗe wa gari hanyar ruwa ya cancanci rabin garin. Ashe tun farko sarauta da ruwa tare suke tafiya a Daura.

To, daga ina ruwan rijiya yake zuwa? Daga damina yake. Yayyafi da ɗan ruwan da ya jiƙa fuskar ƙasa ba su kai wa rijiya kome, gama shuka takan sha wani, rana ta ɗauke saura. Ruwa mai ƙarfi, irin na marka, wanda ya kwaranya ya taru a tafki da kududdufi da fadama da cikin rairayin rafi, shi ne yake tsatsafawa a hankali har ya kai inda ruwa ke kwance a ƙarƙashin ƙasa. Kaɗan ne daga cikin ruwan shekara yake kaiwa can. Inda rairayi ke da kauri ajiyar takan yi yawa, inda kuwa dutse ke kusa, mahaƙin rijiya yakan ci karo da fa, ya sami ruwan da bai taka kara ya karya ba. Wannan ajiya ta ƙarƙashin ƙasa ita ce rumbun ruwan Daura.

Akwai ƙasashen da rumbun ruwansu a bisa duwatsu yake. A yammacin Amurka akwai ƙasashe masu fari, waɗanda ba su samun ruwan kirki a lokacin zafi, amma suna gindin dogayen duwatsu. Da ɗari wani abu yakan sauko daga sama fari fat, kamar audugar da aka shiɓa, shi ake kira dusar ƙanƙara. Yakan taru a kan duwatsun har ya fi tsawon mutum, ya zauna wata da watanni. Idan zafi ya shigo sai ya narke sannu sannu, ya cika koguna, mutanen ƙasa su sha su yi ban ruwa. Wani malami na Jami'ar Nebada, mai suna James Church, ya kafa wurin awon yanayi a kan dutsen Rose a 1906. Wajen 1909 ya ƙago wani dogon bututu na ƙarfe wanda akan kafa cikin dusar ƙanƙara har ƙasa, a zaro shi da abin da ya ɗauko, a ɗora a ma'auni, nauyin ya nuna yawan ruwan da ke ciki. Da haka aka iya faɗin yadda tafkin Taho zai cika tun ƙanƙarar ba ta narke ba. Har yanzu a can awon farkon watan Afrilu shi akan dogara gare shi wajen raba ruwan shekara. Abin lura, wannan awo ba duba ba ne. Abin da ya riga ya sauko aka auna, kamar yadda maigida kan leƙa rumbu da kaka ya san damin da ya tara.

Mutumin Daura shi ma yana da irin wannan ma'auni, igiyar guga ce. Mai ɗiban ruwa ya san gaba nawa igiya takan ci da kaka, ya san kuma lokacin da akan soma ƙara mata tsawo. Idan tun cikin hunturu aka soma ƙulla ƙari, to, dattawa sun san bazarar za ta yi tsanani. Sai a yi gayyar yasar rijiya, makiyaya su matsa da shanu kudu da wuri, samari su tafi cin rani don bakunan gida su ragu.

Sanin abin da bai zo ba kuwa ya fi wuya. Iska biyu ke rabon shekara a wannan ƙasa. Ɗaya busasshiya ce, daga hamada take fitowa ta arewa maso gabas, ita ce mai kawo hunturu. Ɗayar kuwa mai laima ce, daga Tekun Atlantika take fitowa ta kudu maso yamma. Mahaɗarsu takan yi ta matsowa arewa tun daga bazara, ta kai iyakarta cikin Agusta, sa'an nan ta juya. Da yake Daura tana can arewa, iskar damina takan makara wajen isowa, ta yi saurin komawa. In ta yi jinkirin mako biyu ko uku, an taɓa abincin shekara.

Manoma suna da alamominsu. Idan iska ta juya ta soma busowa daga kudu, dare ya yi gumi, shamuwa ta iso ta soma ɗaukar kirare tana sheƙa a kan itatuwan gari, gawo ya soma kakkaɓe ganyensa alhali sauran itatuwa suna toho, Kaza da 'ya'yanta kuma ta ɓace daga sararin yamma da almuru, to, an san damina ta ƙarato. Malamai kuma suna da lissafin da suka gada daga littattafan Larabci, na watannin Ajami da taurari 28. Kowane tauraro kwana 13 yake yi, sai Jabaha mai kwana 14, jimla kwana 365. An raba su bakwai bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari. Na damina su ne Haƙa'a da Hana'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabaha da Harsan. Amfanin wannan lissafi babba ne, domin watannin Musulunci da wata suke tafiya, suna zagaya shekara, ba su tsayawa a kan lokacin noma. Da taurarin ne manomi kan gane ko ruwan da ya sauka na shuka ne, ko kuwa na yaudara ne wanda ya riga lokacinsa.

Amma fa taurarin bana su ne na bara, shamuwa kuma takan zo a shekarar ƙoshi ta zo a shekarar yunwa. Waɗannan alamomi lokaci suke faɗi, ba su faɗin yawan ruwa. Mutanen da sun san haka, shi ya sa ba su jingina da su kaɗai ba. Sukan haɗa gero mai saurin nuna da dawa da wake a gona guda, in wani ya ƙi wani ya yi. Waɗansu sukan yi binne, su zuba iri cikin busasshiyar ƙasa don kada ruwan farko ya wuce su. Maigida na ƙwarai ba ya buɗe rumbun gandu sai aikin damina ya kama, yakan kuma yi ƙoƙari hatsin bara ya tarad da na bana. In ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina, sai liman ya fita da jama'a bayan gari a yi sallar roƙon ruwa, a yi sadaka.

Zuwan Turawa bai rage darajar rijiya ba. A yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka yi a 1898, an zana iyaka ta kewaye Sakkwato da nisan mil 100, sai Faransawa suka tarar hanyarsu daga kogin Kwara zuwa Damagaram ta faɗa cikin dajin da ba rijiyoyi. Suka matsa har aka sake zama a 1904 aka gyara, aka kafa alamomin iyaka tsakanin 1906 da 1908. Ita ce iyakar da ta ratsa arewa da Daura har yau.

Ba a daɗe ba sai babbar jarrabawa ta zo. Sarkin Daura Abdurrahman ya gaji mahaifinsa Malam Musa a 1911. Yana da shekara biyu a kan gado daminar 1913 ta ƙi a ƙasar Hausa duka har Barno da Damagaram. Fari ba baƙo ba ne a ƙasar, amma wannan ya tarad da ajiya ta yi rauni. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, haraji kuma ya koma na kuɗi, har talaka ya saba da sayar da hatsinsa da kaka don ya biya. Kafin daminar 1914 rumbuna sun yi wayam, rijiyoyi da yawa sun ƙafe, mutane da dabbobi suka mutu ba adadi. Daura tana kan hanyar Damagaram zuwa Kano, ta nan ayarin mayunwata daga arewa suka yi ta wucewa. A waɗansu wurare ana kiran wannan yunwa Ƙaƙalaba, a waɗansu kuma Malali. Sarki Abdurrahman ya yi shekara 55 yana sarauta, har 1966, cikinsu ya ga yunwar 1927 da ake kira Mai Buhu, da ta 1942 da ake kira 'Yar Gusau. A wannan tsakani ne, tun daga ƙarshen shekarun 1920, Gwamnati da En'e-En'e suka shiga haƙa rijiyoyin siminti a lardunan arewa, masu zurfi, waɗanda ba su ruftawa kamar na da.

Shekarun 1950 shekarun albarka ne, ruwa ya wadata, aka sare dazuzzuka aka yi gonaki har a wuraren da a da sai kiwo. Jama'a ta ƙaru, dabbobi suka ƙaru, aka ɗauka haka za a dawwama. Daga 1968 sai ruwa ya soma ja baya. Farin 1972 da 1973 ya karkashe shanu, ya koro Buzaye da Fulani daga Nijar zuwa garuruwan iyaka. Na 1983 da 1984 ya sake maimaitawa. Da masana suka gwada ruwan shekarun 1930 zuwa 1950 da na shekarun 1970 zuwa 1990 a yankin Sahel, suka tarar ya ragu da kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Wannan masifa ce ta sa ƙasashen Sahel suka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974, don lura da ruwa da amfanin gona. Nijeriya kuma ta kafa hukumar raya kogin Sakkwato da Rima a 1973. Sai kowa ya koma ga tambayar manomi ta tun fil'azal: ashe ba yadda za a san halin damina tun ba ta faɗi ba?

Neman wannan amsa a Indiya aka soma shi, kuma da dusar ƙanƙara aka soma. Bayan yunwar 1876 zuwa 1878, shugaban ma'aikatar yanayi ta ƙasar, Henry Blanford, ya lura cewa in ƙanƙara ta yi yawa a kan duwatsun Himalaya ta daɗe ba ta narke ba, damina takan yi rauni, domin ƙasa ba ta yin zafin da zai jawo iskar teku. A kan haka ya fitar da kintacen damina na farko a 1886. Wani lokaci ya dace, wani lokaci ya kuskure. Gilbert Walker, wanda ya karɓi ma'aikatar a 1904, ya tattara awon ƙasashe da yawa, ya gano cewa iskar Tekun Fasifik da ta Tekun Indiya suna hawa da sauka kamar ma'auni mai kwano biyu. A 1969 Jacob Bjerknes ya nuna cewa wannan hawa da sauka a ɗaure yake da ɗumamar ruwan Fasifik da ake kira El Nino. A 1986 kuma masanan ma'aikatar yanayi ta Ingila suka nuna cewa in tekunan kudancin duniya suka fi na arewa ɗumi fiye da yadda aka saba, ruwan Sahel yakan ragu.

Dalilin da ya sa teku ke da amfani ga mai kintace shi ne, ruwansa ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya kuma saurin saki. Zafin da aka auna cikin Maris galibi yana nan cikin Yuli, yana jan iska ko yana tura ta. Watau teku ya zama wa ƙasar Hausa kamar abin da ƙanƙarar Himalaya ta zama wa Blanford. Tun 1998 masanan Afirka ta Yamma sukan taru kowace shekara kafin damina su fitar da ra'ayi guda. A Nijeriya kuma hukumar yanayi, NiMet, wadda dokar 2003 ta kafa, takan fitar da kintacenta a farkon shekara. Takan faɗi lokacin da ake sa ran ruwa zai zauna a kowane yanki, da lokacin ɗaukewarsa, da tsawon damina, da jimlar ruwa, da inda ake tsoron tsayawar ruwa a tsakiyar damina, akan kuma fassara taƙaitawarsa da Hausa.

Wannan ilimi ya wuce na taurari, gama yana bambanta shekara da shekara. Manomin Ɓaure da aka gaya wa cewa damina za ta gajarta yana iya shuka gero da wake masu saurin nuna, ya ƙi zuba taki a ruwan farko. Amma rinjaye kawai yake nunawa. Shekarar 1972 ta El Nino ce, aka kuwa yi fari. Shekarar 1984 kuma El Nino ya riga ya wuce, duk da haka tana cikin mafi munin shekarun da aka taɓa aunawa. Bayan haka kintace na yanki ne mai faɗi, alhali kowa ya san hadari yakan taso daga gabas ya zuba a Zango ya tsallake Sandamu. Wanda ya sayar da hatsin rumbunsa don an ce bana za a yi ruwa, ya manta da 1914.

Ajiyar ruwa ita ma ta sake kama. An gina madatsun ruwa na Sabke da Daberam, an haƙa rijiyoyin burtsatse masu famfon hannu da masu inji da masu aiki da hasken rana. Sun rage wa mata da yara tafiya, sun kuma ba da noman rani. Amma kowace tana da aibinta. Ruwan da ke buɗe a fili a wannan yanki rana takan sha wajen mita 2 daga samansa a shekara, rairayi kuma yana cike madatsa daga ƙasa. Burtsatse kuwa daga rumbun nan na ƙarƙashin ƙasa take ja, ba ta ƙara masa kome, ba ta kuma da igiyar da za ta nuna wa mai ɗiba cewa ruwa ya yi ƙasa. Rijiyar da takan yi gargaɗi tun da hunturu, burtsatse kuwa sai ranar da ta tsaya a sani. Ga shi kuma a garuruwan da ke bunƙasa ana cike kududdufai ana gini a kai, alhali ta nan ne ruwan marka ke sauka ƙasa.

Abin da mutanen duwatsu suke yi wa ƙanƙararsu a farkon Afrilu, ya kamata a riƙa yi wa rijiyoyi da madatsun ƙasar Daura a ƙarshen Oktoba. A zaɓi rijiyoyi sanannu a kowace gunduma, a auna zurfin ruwansu da kaka, a sake aunawa da bazara, a rubuta a littafi shekara bayan shekara, a sanar da hakimai da dagatai kamar yadda ake sanar da su kintacen damina. Aiki ne da igiya da ma'auni da malami guda za su iya. Da wannan ne za a san yawan noman ranin da madatsa za ta ɗauka, da ƙauyen da za a fara kai wa agaji, tun tulu bai koma gida ba kome.

Rijiyar Kusugu tana nan a cikin birnin Daura, an gina mata ɗaki an kewaye ta, baƙi suna zuwa daga nesa su ja guga su sha. Ruwan da suke sha na damunan da suka shige ne, wanda ya tsatsafa cikin rairayi ya kwanta. Allah ya kawo damina mai albarka, ya kuma ba masu riƙon jama'a ikon tsare abin da ta bari.